Cinikin Biri a Sama, da Waɗanda Suka Iya Shi

Hannuna ya kusa kaiwa kan katin ke nan ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kawu, don Allah tsaya. Ba kilishi ka gama ci yanzu ba?"

Shi kuwa na gama ci. Ɗiyar yayata ce, ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Seoul ba, ta baje kayan wani akwati a kan darduma tana jerawa. Na tashi na wanko hannu da sabulu, na goge, na dawo na durƙusa kamar ɗalibi. Duk da haka ba ta yarda na taɓa fuskar katin ba. Ta nuna mini yadda ake tallafarsa ta gefe da gefe, tsakanin babban yatsa da manuni, kamar yadda masu wankin hoto na da suke riƙe wanda bai gama bushewa ba. Abin da ake wa wannan lallaɓa ɗan kwali ne da bai wuce katin cirar kuɗi ba, milimita 55 a faɗi, 85 a tsawo, ɗauke da hoton wani saurayi yana murmushi. Na yi dariya a ranar. Daga baya da na zauna ta warware mini abin dalla-dalla, dariyar ta koma jinjina, domin na gane sana'ar ido ce da lissafi da amana, kuma ba kowa ya iya ta ba.

Sai an fara sanin irin kasuwar da mai tarawa ya faɗa cikinta. A yawancin duniya faifan CD ya zama tarihi, kowa a waya yake jin waƙa. Koriya ta Kudu ma a waya ake ji, amma faifai bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Lokacin da ƙungiyar EXO ta sayar da kwafi miliyan ɗaya na kundinta XOXO a 2013, an yi ta mamaki, don an shekara goma sha biyu ba a ga haka ba a ƙasar. Shekara goma bayan nan, a Afrilun 2023, ƙungiyar Seventeen ta fitar da FML, ya haura kwafi miliyan huɗu da rabi a mako guda, ya ƙare a matsayin kundin da ya fi kowane sayuwa a duniya a wannan shekara. A 2023 ɗin dai, jimillar kundayen mawaƙan Koriya da aka sayar ta wuce miliyan 100, a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 52 ba. Da yawan masu sayen ba su ma mallaki na'urar da za ta kunna faifan ba.

To me suke saye? Ta ɗauko ɗaya ta buɗe mini. Faifan na can maƙale a bayan bango, kamar baƙon da aka manta da shi a zaure. Ainihin kayan su ne littafin hotuna mai shafuka kusan ɗari, takardar baitocin waƙa, sitika, wani lokacin babban hoton manna bango, sai kuma ɗan katin nan da 'yan Koriya ke kira poka. Kamfanonin sun mayar da ƙunshin kansa fagen fasaha. Kundin Pink Tape na ƙungiyar f(x) a 2013 an yi shi ne da siffar kaset ɗin bidiyo na da, wanda ya san zamanin kallon fim a bidiyo zai gane shi da gani ɗaya. NewJeans ta fito a 2022 da kundin da aka zuba cikin jaka ta ratayawa. Kamfanin zane na Husky Fox kuwa har sunansa ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy saboda tsarin ƙunshin Love Yourself: Tear na BTS, kundin Koriya na farko da ya hau saman jadawalin Billboard 200 na Amurka, a watan Mayun 2018.

Sai dai akwai tarko a ciki, kuma an ɗana shi da gangan. Kundi ɗaya yana fitowa samfuri-samfuri, waƙoƙin iri ɗaya, hotunan daban. Jerin Love Yourself ɗin nan kashi uku ne: na farko samfuri huɗu masu haruffan L, O, V, E; na biyu Y, O, U, R; na uku S, E, L, F. Sai ka jera sha biyun a kanta sunan zai cika, kuma duk wanda ya taɓa ganin jeren kwalla a ɗakin amarya ya san yadda gurbi ɗaya da ya rage fanko yake damun ido. Wannan kuma mai sauƙi ne, don samfuri ana ganinsa a saya. Katin ne ba a gani. A rufe yake a cikin leda, ba ka san na wa za ka samu ba sai ka ɓare. Yawanci ana danganta farkon wannan al'ada a kasuwar Koriya da kundin Oh! na Girls' Generation a 2010, yanzu kuwa da wuya ka ga ƙungiyar da ba ta yi. Cinikin biri a sama ke nan tsantsa.

Ta zana mini lissafin a bayan wata ambulan. BTS mutum bakwai ne. In kana neman katin mutum ɗaya tak, kana ta saye ido rufe, a matsakaici sai ka ɓare kwafi bakwai. In duka bakwai ɗin kake so, sai wajen kwafi 18, domin na farko-farko suna zuwa da sauƙi, na ƙarshen ne ke wahalarwa, kana ta samun waɗanda kake da su. Seventeen kuwa mutum goma sha uku ne, lissafinsu ya haura kwafi 40. Wannan fa samfuri ɗaya ke nan na kundi ɗaya. Kundi kuma kan kai won dubu ashirin na kuɗin Koriya ko kusa da haka. Wanda ya shiga da ƙarfin aljihu kawai, sai ya tsiyace gurbi bai cika ba.

A nan gwaninta take farawa, kuma matakinta na farko shi ne yanke iyaka. Mai tarawa na gaske yakan tsayar da abin da yake tarawa tun kafin ya kashe ko sisi. Ita ta zaɓi mutum ɗaya cikin sha ukun Seventeen, Woozi, wanda shi ke tsara yawancin waƙoƙinsu. Irin wannan na-gaban-goshi suna ce masa choeae. A cikin katunansa ma ba duka ba, na cikin kundi kawai, sai ɗaiɗaiku na waje da suka kwanta mata. Na tambaye ta mene ne na waje, sai ta ja numfashi. Ashe kowane shagon sayar da kundi yana da nasa katin da yake ba wanda ya yi oda tun kafin ranar fitowa: na Weverse Shop daban, na Ktown4u daban, na Soundwave, na Withmuu, na Aladin, na Yes24, kowa da nasa hoton. Akwai waɗanda ake samu ta hanyar canki-canka a shago, ka sayi kundi a ba ka damar ciro kati ɗaya daga na'ura. Akwai na Japan kawai. Akwai wanda ba ya samuwa sai ga wanda ya halarci ɗaukar shirin talabijin da asuba. Waɗannan da ba a saka su cikin kundi ba ana kiransu migongpo, su ne kuma masu tsada. Fitowar kundi ɗaya na iya haifar wa mawaƙi ɗaya katuna gommai. Saboda haka masoya da kansu suke haɗa wani allon hoto, su jera ƙananan hotunan duk katunan da suka fita a zagayen, kowanne da sunan inda ya fito, su raba wa juna kyauta. Mai tarawa yana riƙe da nasa a waya, yana soke wanda ya samu. Ba kamfani ke yin wannan aiki ba, kuma babu mai biyan masu yin sa.

Mataki na biyu shi ne kauce wa cacar gaba ɗaya. Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda suke kira buncheol, kuma duk wanda ya taɓa shiga watanda a jajibirin salla ya riga ya fahimce ta. Mutum ɗaya zai ɗauki nauyin sayen kundaye da yawa, ya yi shela: ga gurabe goma sha uku, kowa ya kama mawaƙinsa. In kaya sun iso a ɓare, duk katin da ya fito na Woozi ya tafi ga mai gurbin Woozi, haka sauran. Kuɗin gurbi ba ɗaya ba ne, kamar yadda cinya da kayan ciki ba su zama ɗaya ba. Mawaƙin da aka fi rububi gurbinsa ya fi tsada, na wanda ba a cika nema ba a sauke shi don a samu mai ɗauka. Masoya na ƙasashen waje suna da irin wannan, inda mutum ɗaya ke tattara odar jama'a don a raba kuɗin jirgi. Aiki ne na riƙon amana da rubuta lissafi, ga tattara adireshi, ga haƙuri da masu gaggawa, ga amsa tambayar "kaya sun iso?" sau hamsin a rana. Ta ce ta yi sau biyu ta tuba.

Sai musaya. Wanda ya ɓare kundi ya samu katin da ba na mutuminsa ba, ba ya baƙin ciki, ya samu abin ciniki ne. A dandalin X ake rubuta sanarwa da kalmomi biyu da kowa ya sani: gyohwan in musaya ake nema, yangdo in sayarwa ce. Akwai manhajoji kamar Bunjang da Pocamarket. Ranar wasa kuma, a harabar manyan zaurukan Seoul irin su KSPO Dome da Gocheok Sky Dome, tun kafin a buɗe ƙofa za ka ga 'yan mata tsaye, kowacce ta ɗaga waya ko littafin katuna, ana zagayawa ana dubawa, kamar kasuwar ƙauye ta ci. Mai shiga wannan fage dole ya san sise, wato farashin da kati ke tafiya a kai a wannan makon. Farashin yana motsi. Makon farko na fitowar kundi yakan yi sama don kowa na ɗoki, in kaya suka yawaita ya sauko, in shekaru suka wuce aka daina bugawa ya sake tashi. Kati biyu na mutum ɗaya daga kundi ɗaya na iya bambanta ninki biyar, saboda a ɗaya ya sa tabarau, ko ya dafa kumatu, ko ya rungumi 'yar tsana. An sha jin kati ɗaya da ba a buga da yawa ba ya kai dubban daloli. Gwana ba ta bin irin waɗannan. Tana jira ne ɗoki ya lafa, ta saya a sati na huɗu abin da wasu suka saya ninki biyu a rana ta farko.

Abin da na fi daɗewa ina kallo shi ne yadda take duba kati. Ta kashe fitilar ɗaki, ta kunna ta waya, ta kwantar da hasken a gefen katin maimakon ta haska shi kai tsaye, sannan ta riƙa karkata shi a hankali. Fuskar da na rantse sumul take sai ga wani siririn layi ya bayyana a kusa da kafaɗar hoton, ga wata 'yar lotsawa kamar an danna da farce. Wannan shi ne haja, wato aibi. Ta ce aibi iri biyu ne. Akwai na masana'anta, kamar layin da abin naɗin injin buga takarda ke bari, ko ɗan burtsin da ke saura a gefe inda aka ɓalle katin daga babban falle. Waɗannan ana yafe su, wani lokacin ma shaida ce cewa katin na asali ne. Akwai kuma na hannu: lanƙwasar kusurwa, ƙarzuwa, tabon maiƙo irin wanda na so in bari. Mai sayarwa na kirki ba ya jira a tambaye shi, zai ɗauki bidiyon katin a ƙarƙashin fitila gaba da baya, ya ajiye 'yar takarda a gefe mai sunansa da kwanan wata da rubutun hannu, don a san katin na hannunsa, ba hoton wani ya sato ba.

Jabu kuma ya cika kasuwa. Akwai katunan da ake bugawa a sayar da su fakiti-fakiti da arha, waɗanda kowa ya san na kwaikwayo ne, ba a ɓoye ba. Matsalar ita ce waɗanda aka yi don a yaudari mutum. Ta ajiye mini biyu kusa da juna ta ce in zaɓi na gaske, na zaɓi na jabu, don shi ya fi ƙyalli. Ta ce ƙyallin ne ma ya tona shi. Ta ja hoton da waya har ya girma, ta nuna mini ƙananan ɗigogin tawada da ke jere cikin tsari a na asali, a ɗayan kuwa sun cakuɗe, launin fata ya yi ja fiye da kima, rubutun baya ya yi kauri, zagayen kusurwa bai yi daidai da na 'yan'uwansa ba, hoton ma an ɗan yanke shi ta sama saboda daga hoton wani katin aka kwafo. Kundi kansa akwai abin dubawa: sitika mai walƙiya ta hukumar haƙƙin mallakar waƙa ta Koriya, KOMCA, a bayan ƙunshi. An taɓa cutarta sau ɗaya a shekararta ta farko, wani da ba ta sani ba ya karɓi kuɗi ya aiko da na jabu, ya rufe shafinsa. Ba ta yar da katin ba, da shi take gwada wasu.

Ajiya wani fanni ne mai zaman kansa. Kati na fita daga kundi sai ya shiga riga, 'yar siririyar leda daidai jikinsa. Ba kowace leda ba: mai sinadarin PVC tana da laushi da wani wari, kuma da daɗewa takan yi gumi ta manne wa hoto ta ɗebe launi, don haka wadda ba ta da shi ake nema. Daga riga sai littafi mai aljihuna, tara a shafi ko huɗu a ƙarami. A nan ma akwai ilimi, don littafi mai zoben ƙarfe in aka cika shi fiye da kima, zoben kan danne katunan da ke kusa da shi ya bar musu tabo. Wanda ya fi daraja ana zura shi cikin kube na roba mai tauri. Rana abokiyar gaba ce, tana cinye ja da ruwan hoda kafin sauran launuka, shi ya sa kantar kundaye ba ta fuskantar taga. A Seoul damuwarta damina ce, ruwan ƙarshen Yuni zuwa Yuli da suke kira jangma, lokacin da laima ke sa kati ya lanƙwashe, shafukan littafi su manne. Sai ta riƙa tara 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi tana zubawa a akwati. Da ta dawo gida abokan gaba suka canza: ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, zafin bazara mai narkar da gam ɗin littafi, da gara, wadda ba ta san Woozi ba, takarda kawai ta sani. Akwatin yanzu a kan bulo yake, nesa da bango.

Ko aika kati ta gidan waya da ƙa'idarsa. Riga, kube, kwali biyu gaba da baya, leda mai kumfa, sannan ambulan, a manne da tef ɗin takarda wanda aka naɗe bakinsa don mai buɗewa kada ya nemi almakashi. Sau da yawa akan haɗa da 'yar alewa ko sitika da gajeriyar wasiƙar godiya. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya a Busan ɗaya a Jakarta ko Manila, kowa ya jefa nasa a akwatin waya rana ɗaya bisa yarda cewa ɗayan ma ya jefa. Wannan ɓangaren ya fi komai taɓa ni.

Ba duka abin ne tsanani ba, akwai wasa. Suna ƙawata kuben roba da sitika da ƙyalle da duwatsun ado, abin da ake kira tapkku, su rataya a jaka. Akwai kuma wata al'ada mai ban dariya, in an kawo abinci a gidan cin abinci sai a fito da kati a ɗora kusa da kwano a ɗauki hoto kafin a sa hannu. Sunanta yejeol-syat, hoton ladabi, wai rashin ɗa'a ne ka ci kai kaɗai ba ka yi wa mutuminka tayi ba. Ta yi wa tuwon shinkafar yayata haka, yayata ta bi ta da kallo ta ce Allah ya shirya.

Mujallu kuwa wata duniya ce, kuma a ganina nan ne ake gane wanda ya yi nisa. Kundi in ya ƙare ana iya sake buga shi, ko da kyaututtukan bugun farko ba za su dawo ba. Mujallar wata kuwa in ta wuce yawanci ta wuce. Manyan mujallun ado na Koriya, irin su Vogue Korea, W Korea, Elle Korea, Dazed Korea, Harper's Bazaar Korea da GQ Korea, sun daɗe da gane cewa tauraron waƙa a bango yana ƙarar da bugu, musamman da yake manyan gidajen tufafi na Turai sun ɗauki taurarin a matsayin jakadu: Jennie ta Blackpink da Chanel, Jisoo da Dior, Rosé da Saint Laurent. Sai su ma suka koyi dabarar masu kundi, fitowa ɗaya bango uku ko huɗu, A da B da C. A fitowar Janairun 2022, Vogue Korea da GQ Korea suka haɗa kai a kan BTS, GQ ta yi wa kowane ɗaya cikin bakwai ɗin bangonsa, ga na ƙungiya. Akwai Dicon ta kamfanin Dispatch, wadda sunan mujalla kawai take amsawa, a zahiri katafaren littafin hotuna ce. Akwai na waje da masu tarawa ke ji da su saboda tarihi, kamar Time da ta sa BTS a bango a 2018, da Rolling Stone da ta sa su a 2021, ta sa Blackpink a 2022.

Mai tara mujalla dole ya kasance mai kunne, domin oda ake buɗewa tun watan bai kama ba, bangon da aka fi so kuma na iya ƙarewa a yini guda. Dole ya san a wane shago ake zaɓar bango, a wane ne ake aiko da duk wanda ya faɗo. Ga nauyi: takarda mai sheƙi ce, fitowa ɗaya kan haura kilo, kuɗin jirginta zuwa wata nahiya ya fi kuɗinta. Wasu saboda haka sukan yanke shafuka goma ko sha biyun da suka shafe su da reza, su zuba a leda, su bar sauran. Ita tana ganin wannan ɓarna ce. Hujjarta ta gamsar da ni: mujalla shaidar lokacinta ce, tallace-tallacen da ke kewaye da hirar, da sauran mutanen da aka sa a fitowar, su ke nuna matsayin da tauraron yake a wannan wata. A kwance take ajiye su, ba fiye da biyar-biyar ba, tana juya ƙashin bayansu hagu da dama don kada tarin ya karkata, kuma ba ta buɗe su baje, don gam ɗin baya na tsagewa. Hirarrakin da ke ciki su suka fara koya mata karatun Hangul da gaske, rubutun nan mai haruffa 24 a yau, wanda Sarki Sejong ya samar a ƙarni na 15. Ta ce littafin aji ya koya mata tambayar hanyar tasha, mujalla ta koya mata yadda mutum ke bayyana gajiya da tsoron faɗuwa cikin ladabi.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da kyau ba, don ita ma ba ta ɓoye ba. Jadawalin Hanteo yana ƙirga abin da aka saya a shaguna nan take, na Circle, wanda kafin Yulin 2022 ake kira Gaon, yana ƙirga abin da ya fita daga rumbun kamfani. Adadin makon farko, chodong, ya zama abin alfahari da gori tsakanin masoyan ƙungiyoyi, sai a riƙa saye don a ɗaga lamba. Ga taron sa hannu, inda ake ganin tauraro ido da ido ko ta kiran bidiyo na minti ɗaya ko biyu: kowane kundi da ka saya ƙuri'a ɗaya ce, don haka akwai masu sayen gommai, har ɗaruruwa. A cire kati, a cire ƙuri'a, sauran ya zama shara. A 2024 hotuna sun yaɗu na kwalaye cike da sabon kundin Seventeen da aka jibge a titin Shibuya na Tokyo. Alƙaluman ma'aikatar muhalli ta Koriya sun nuna robar da kamfanonin ke amfani da ita wajen kundaye ta tashi daga tan 56 a 2017 zuwa kusan 800 a 2022. Masoya ne da kansu suka kafa Kpop4Planet a 2021, suka tattara dubban kundayen da ba a so suka mayar wa kamfanonin a ƙofarsu. Min Hee-jin, wadda ta tsara Pink Tape ta kuma kafa NewJeans, ta soki wannan salon kasuwanci a bainar jama'a a Afrilun 2024. Kamfanonin sun fito da kundaye marasa faifai, ɗan kati mai lambar da waya ke karantawa, kamar yadda Jack in the Box na J-Hope ya fara fitowa a 2022. Katin canki-canka dai yana nan a cikinsu.

Laifin wannan na kamfanonin da suka ɗana tarkon ne kafin na yaran da suka faɗa. Abin lura shi ne ƙwararren mai tarawa shi ya fi kowa ƙarancin ɓarna. Ɗiyar yayata kwafi ɗaya take saye na samfurin da ta fi so. Sau da yawa ma ba sabo ba, don waɗancan masu sayen ɗari sukan zubar da ɓararrun kundaye a kasuwa da kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, littafin hoto lafiya lau, faifai ko ƙwarzane babu. Sai ta ɗauki ɗaya, ta nemo katinsa daban, ta mayar da shi gurbinsa. Kusan rabin kantarta haka ta haɗu.

Da muka zo ƙarshen littafin katunan na ga wani aljihu a tsakiyar shafi babu hoto, sai farar takarda da aka yanka daidai girman kati, da rubutun fensir: sunan kundi, sunan shago, shekara. Takwas da ke kewaye da shi duk sun cika. Ta ce shekara biyu ke nan tana nemansa; ta gan shi sau uku, sau biyu farashin ya wuce abin da ta yanke wa kanta, sau ɗaya kusurwar ta lanƙwashe. A watan jiya wata a Daegu ta yarda su yi musaya da katuna biyu, kuma wata ƙawarta da ke dawowa hutu ta taho da shi har Abuja.

"Kawu, tunda ranar Laraba za ka je, ka karɓo mini mana."

Na ce to.

"Amma don Allah ban da aljihun baya. Kuma kada a bar shi a mota cikin rana."

Ta miƙo mini wani ɗan akwatin roba mai murfi, da ƙunshin tsotse laima guda biyu a ciki.